Jan Biro da Kuɗin Sallama

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da huɗu ya yi yana duba kura-kuran rubutu a wata maɗaba'a. Tun yana sabon shiga abokan aikinsa suka laƙaba masa Jan Biro, sunan kuma ya bi shi har gida, har maƙwabta ba su san shi da wani ba. Ɗakin aikinsa ɗan ƙarami ne a bayan injina, taga ɗaya gare shi mai kallon bangon ginin maƙwabta. Teburinsa ƙafa ɗaya ta gajarce, sai ya tokare ta da tsohon ƙamus. Yana da rula ta ƙarfe da yake ɗorawa ƙarƙashin kowane layi don kada idonsa ya riga hankalinsa gaba. Idan ya dawo gida, warin tawada ne ke fara yin sallama kafin shi.

Aikin ya shiga jikinsa. Takardar da ke cikin kwalin magani sai ya karanta ta gaba da baya kafin ya haɗiyi ƙwaya ɗaya. Katin gayyatar aurena ya dawo min da shi da gyara biyu. Matarsa, wadda muke kira Inna, takan ce da ta san haka zai zama da ba ta taɓa rubuta masa wasiƙa ba lokacin da yake nemanta, don har yanzu wasiƙun suna cikin akwatinsa, kowace da jan layi.

Wannan duk abin dariya ne. Rashin yardarsa da mutane kuwa, shi yana da mafari.

Maɗaba'arsu tana buga wa kamfanoni rahoton shekara, littafin nan mai ƙyalli da suke raba wa masu hannun jari. A irin wannan lissafi, idan aka sa lamba cikin baka biyu, asara ke nan. Wata rana da la'asar, bayan Kawu ya gama duba rahoton wani kamfanin fenti har ya sa hannu, sai manajan maɗaba'ar ya shigo da wani mutum mai kwat, yana ƙamshin turare. Mutumin ya ce ɗan ƙaramin gyara ne, a cire baka biyu a shafi ɗaya, a canza lambobi uku a wani shafin. Kawu ya ɗauki fensir ya haɗa lissafin, ya ga asara ta rikiɗe ta zama riba a gaban idonsa. Ya ce shi dai ba zai sa hannu a wannan ba. Manaja bai yi masa musu ba, ya karɓi takardar ya sa nasa hannun, aka buga.

Mai tuƙa injin bugawa, abokin Kawu ne na ƙut da ƙut, kowa Mai Inji yake ce masa. Yana tsaye shafukan suna fitowa, ya karanta ribar, ya je ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi hannun jarin kamfanin. Kawu bai sani ba sai da aka yi wata biyu, kuma ko da ya sani bai iya buɗe baki ba, don abin da aka gani a wurin aiki amana ne. Bayan shekara biyu kamfanin ya rufe ƙofa. Mai Inji ya yi kwana uku ba ya cin abinci sosai, daga nan ya ware ya ci gaba da raharsa. Kawu ne abin ya zauna wa. Daga ranar, duk takarda mai kyawun bugu a wurinsa akwai lauje cikin naɗi.

Da ya yi ritaya aka ba shi kuɗin sallama a dunƙule, ban da ɗan fansho na wata-wata. Kuɗin suka yi wata huɗu a banki, kullum sai ya je ya tambaya ko suna nan.

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, mijinta a kamfanin dillancin hannun jari yake aiki. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya zama kan kujera idan Kawu yana falo. Auta ce ta matsa masa ya je ya ba Baba shawara, shi da kansa ba ya son shiga. Ina gidan ranar da ya zo. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ya zayyana hanyoyi uku. Ta farko, a sayi hannun jarin kamfanonin da ke tasowa, waɗanda ba sa raba riba, a jira farashi ya hau a sayar, a biya haraji a kan abin da ya ƙaru. Ya ce nan ne ake samu da yawa, nan ne kuma ake karyewa. Ta biyu, a sayi na tsofaffin kamfanonin da ke raba riba duk shekara, amma ana cire haraji kashi goma cikin ɗari kafin kuɗin su iso hannun mutum. Ta uku, takardun gwamnati, a ba gwamnatin kuɗi na wasu shekaru, tana biyan adadi ɗaya tak duk wata shida, ba ƙari ba ragi, kuma babu haraji a kai. Inna ta leƙo daga kicin ta ce ita dai kada a kawo mata kuɗin ruwa cikin gida. Surukin ya ce akwai irin wadda gwamnati ke gina hanya da kuɗin tana biyan haya, an yi ta ne don masu gudun ruwa.

Kawu ya saurara har ƙarshe, yana juya bironsa. Ya lura surukin ya fi daɗewa a kan ta biyu.

"A cikin ukun nan," in ji shi, "wacce ce la'adarka ta fi ƙanƙanta?"

Auta ta sunkuyar da kai. Surukin ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ta ukun, Baba."

"To ita nake so."

Haka aka zuba kuɗin duka a takardun haya. Shekarar farko Kawu ya yi ta jin daɗi. Ranar da aka ce kuɗi za su shigo, ranar suke shigowa, ko sisi ba ya ciwon kai. Suna isar maganin hawan jinin Inna na wata shida, a biya kuɗin wuta, har a yi saura. A shekara ta uku adadin yana nan yadda yake, amma maganin wata huɗu kawai yake saye. Inna ta ce kuɗin Malam masu ladabi ne, inda aka ajiye su nan suke tsayawa, kasuwa ce marar kunya ta tafi ta bar su.

A lokacin Mai Inji, wanda shi ma ya yi ritaya, yana yawan zuwa hira da hantsi. Mutumin da maciji ya sara, ka ce ko tsumma ya gani zai gudu, amma ina, tuni ya koma sayen hannun jari. Yakan fito da wayarsa ya nuna wa Kawu saƙon banki, rabon ribar wannan kamfani, rabon ribar wancan. Kawu ya kalli saƙon ya kalli fuskar abokinsa. Bayan ya tafi sai ya ce da ni ruwa ba ya tsami banza, in bincika masa ko Mai Inji da mijin Auta suna haɗuwa a wani wuri. Na ce Kawu, sau ɗaya suka taɓa ganin juna, a wurin aure. Ya ce sau ɗaya ya isa a ƙulla magana.

Duk da haka lissafin maganin Inna ya dame shi, don shi ba wani ya buga masa ba, da idonsa yake gani. Sai ya sa aka tattaro masa rahotannin shekara na kamfanoni goma sha biyu, na shekara biyar-biyar. Ya share teburin cin abinci ya shimfiɗa su, ya ɗauko rularsa. Wata uku ana cin abinci da faranti a cinya a gidan. Bai karanta jawabin shugaba ba, ya ce wannan kirari ne. Ƙananan rubutun baya yake bi, yana haɗa lamba da lamba. Kamfanoni tara ya jefar, wasu don lissafinsu ya yi kyau fiye da kima, ɗaya don hoton shugabansa ya cika shafi guda.

A cikin ukun da suka rage akwai kamfanin sabulu. A rahotonsa na ƙarshe Kawu ya kama lamba a shafi na sittin da biyu da ba ta yi daidai da ta shafi na sha tara ba. Ya aika wa surukinsa ya saya masa hannun jari goma kacal. Surukin ya ce kuɗin cinikin ma sun kusa fin jarin. Kawu ya ce ya sani, tikitin shiga taro yake saye.

Ni na kai shi taron masu hannun jarin, a zauren wani otal. Akasarin mutanen jakar kyauta ce ta kawo su, sabulai da laima a ciki, wasu ma suna karɓa suke juyawa. Da aka zo tambayoyi Kawu ya miƙe da littafinsa, ya faɗi shafi da layi, ya ce ɗaya daga cikin lambobin nan biyu ƙarya take. Shugaban taron ya gode masa ya ce za a duba. Mutane suka fara gunaguni don an shigo da lemo. Kawu ya ce min mu tafi, ya ga abin da ya zo gani.

Muna baranda sai ga wata mata mai furfura da gilashi tana sauri a bayanmu. Ta ce ita ce akantar kamfanin. Ta ce kuskuren gaskiya ne, lambobi biyu ne suka yi musayar wuri a wajen bugu, ita ma sai da littafin ya fito ta gani, kuma tun ranar take jiran wani ya ɗaga hannu. Ta buɗe fayil ta nuna masa asalin takardar. Kawu ya tsaya a tsaye ya haɗa lissafin. Ya ga kuskuren rage wa kamfanin riba ya yi, ba ƙara masa ba. Ya tambaye ta wa ya duba musu rubutun. Ta ce maɗaba'ar ba ta da mai dubawa yanzu, na'ura ce ke yi. Ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa.

Mako biyu yana tunanin ko turo ta aka yi ta rufe masa baki. Da wa'adin wani kaso na takardun gwamnatinsa ya cika, sai ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ya raba wa kamfanonin nan uku.

Rabon riba na farko shi ya jawo fitina. Kamfanin sabulu ya sanar da abin da kowane hannun jari zai samu, Kawu ya ninka da nasa ya rubuta a takarda. Da saƙon banki ya shigo, kashi goma babu. An faɗa masa wannan tun ranar farko, bai manta ba, amma ya ce haraji ba a baki ake biyansa ba, ina rasit? Surukin ya ce kamfanin ne ke cirewa ya kai wa gwamnati, takardar shaidar kuma takan ɗauki lokaci. Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Ana cikin haka surukin ya aiko Auta da fom mai shafi huɗu, ya ce Baba ya sa hannu, na haraji ne. Kawu ya ɗora rula. A shafi na uku ya ga layin da ke cewa ya naɗa wakili a kan al'amarinsa, ga sunan surukin an riga an cike. Ya ja masa jan layi biyu, ya mayar da fom ɗin cikin ambulan. A ransa biri ya yi kama da mutum.

Inna ta ce ya kira yaron nan ya tambaye shi a keɓe. Bai yi ba. Ya bari sai wata Asabar da rana, Auta da mijinta da 'ya'yansu sun zo, ana cin abinci, ya ajiye cokali.

"Kashi goman nan," ya ce, "gwamnati ce ta ci, ko ɗan gida ne?"

Surukin ya daɗe yana kallon farantinsa. Sannan ya miƙe a hankali ya ce, "Allah ya huci zuciyar Baba," ya sa takalmansa ya fita.

Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, shekara tara yana gaishe ka a durƙushe. Ni na roƙe shi ya taɓa kuɗinka, shi cewa ya yi a bar su." Ta tattara yaranta, ko hannu ba su wanke ba.

Wata biyar ba ta taka gidan ba. Takan kira Inna a waya, idan ta ji muryar Kawu kusa sai ta yi sallama. Inna ta daina yi masa barkwanci, wanda a gidan nan ya fi faɗa zafi. Shi kuwa ya ce gaskiya ɗaci gare ta, kuma zai kawo hujja.

Sau uku na kai shi ofishin haraji. Ranar farko mai fayil ɗin ba ya nan, ta biyu na'ura ba ta aiki, Kawu ya ce an riga an sanar da su zuwansa. A ta uku muka sami wani ma'aikaci mai haƙuri, ɗakinsa cike da fayil har kan taga, fanka tana kaɗa gefen takardu. Ya duba na'ura ya juyo da fuskarta wajen Kawu. Ga sunansa, ga kamfanin sabulu, ga kashi goman, ga ranar da aka biya, kwana tara bayan rabon. Kawu ya sa gilashi ya karanta sau biyu, ya nemi a buga masa a takarda.

Ma'aikacin yana bugawa ya ce ai dattijo irinsa, wanda ba shi da wani samu sai fansho da wannan ɗan rabon, ana iya mayar masa da wani abu daga cikin abin da aka cire. Ya ce har an buɗe masa fayil, wani daga kamfanin dillanci ya zo sau biyu a kan maganar, sa hannun mai abu kawai ake jira. Ya jawo aljihun tebur ya fito da fom. Shafi huɗu ne. Kawu ya buɗe na uku ya ɗora yatsa a kan layin wakili. Ma'aikacin ya ce wannan don kawo takardu da karɓar amsa ne kawai, saboda kada a riƙa wahalar da tsofaffi da hawan bene, kuɗin kuwa asusun mai su suke shiga kai tsaye.

Muka kama hanya a mota har muka kusa gida. Nan Kawu ya ce layin nan ba a rubuta shi da kyau ba, duk wanda ya tsara fom ɗin bai san aikinsa ba. Na ce haka ne, Kawu. Da na tsaya a ƙofar gida bai sauka ba, ya ce gobe in zo da wuri.

Ofishin surukin a hawa na biyu yake, akwai kujeru a jere da allo mai nuna farashi, kore da ja. Na ce bari in shiga in faɗa masa Baba ya zo. Kawu ya hana, ya ciri lamba ya zauna a layi tare da kowa, fom ɗin a cinyarsa. Da surukin ya hango shi ya taso da sauri zai durƙusa, a gaban abokan aikinsa. Kawu ya riƙe masa hannu.

"Na yi kuskure," ya ce, "kuma ba irin wanda ake ja wa layi a gyara ba ne."

"Ya wuce, Baba."

Kawu ya zauna ya sake karanta fom ɗin daga farko har ƙarshe, ya gyara waƙafi ɗaya, sannan ya sa hannu. Surukin ya karɓa ya sa a fayil. Daga nan ya ce, cikin ladabi, ya miƙa asusun Baba ga wani abokin aikinsa tun watan jiya, don ya ga zumunci da dillanci ba sa ci a kwano ɗaya. Na ga fuskar Kawu ta canza, wannan ya fi masa zafi a kan a zage shi. Aka kira sabon dillalin ya gaishe shi. Muna saukowa daga bene Kawu ya ce min mutumin ya cika fara'a, in sa masa ido.

Auta ta dawo bayan wasu makonni, ranar da jikin Inna ya motsa. Ta gaishe da mahaifinta yadda ya kamata, ya amsa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Tana zuwa yanzu kamar da, sai dai da an ambaci kuɗi take tashi ta shiga kicin. Abin da aka mayar masa daga harajin bai taka kara ya karya ba, maganin wata guda ya saya.

Mai Inji ya sa kuɗi a wani kamfani mai tasowa, farashin ya ninka uku, ya sayar, ya yi mako guda yana tsine wa harajin da aka cire masa. Wani kuma da ya saya ya zube rabi, wannan bai cika ba da labarinsa ba. Kawu yana nan da kashi biyu a takardun gwamnati, ɗaya a kamfanoni. Bai yi arziki ba, bai kuma rasa na magani ba. Bara ɗaya daga cikin kamfanonin ukun ya ce ba zai raba riba ba. Kawu ya ce dama ya ga alama tun a rahoton da ya gabata, kuma ranar har ƙarin abinci ya nema.

Yanzu idanunsa sun yi rauni, gilashin ma ba ya taimakonsa da ƙananan rubutu. Duk Asabar da hantsi nakan je in karanta masa rahotannin, yana kishingiɗe da biro a hannu ko da yake ba ya ganin inda zai ja. Ya ce yana zargin ina tsallake wasu wurare. Gaskiyarsa ce, tarihin daraktoci da jerin rassan kamfani ba na karantawa, shafi ɗari da tamanin ba wasa ba ne. Makon jiya ina cikin karatu ya ɗaga hannu.

"Koma baya," ya ce. "Na ji kin juya takarda biyu."

Na koma.